Layar da Ke Cikin Akwatin Sola

Musaddiƙ ya kara kunnensa a jikin akwatin ƙarfen, ya janye da sauri yana murza kunnen. Rana ba ta kai tsaka ba tukuna, amma murfin ya yi zafin da za a iya gasa tarwaɗa a kansa. Ya sake matsowa, wannan karon bai taɓa ba, ya yi kasaƙe. Can ciki wani abu na ƙara ƙasa-ƙasa, kamar an rufe ƙudan zuma guda ɗaya a cikin tulu.

Malam Gwadabe na tsaye a bayansa, hannu biyu a baya, yana kallon ƙeyar mijin 'yarsa. Makullin kwaɗon akwatin na rataye a wuyansa cikin riga, gumi ya manne shi da ƙirjinsa.

Musaddiƙ ya juyo ya tsuguna, ido a ƙasa, kamar yadda yake yi duk lokacin da zai yi wa surukinsa magana.

"Baba, da za a taimaka a buɗe mini. Minti goma ma ya isa."

"Me ka ji a ciki?"

"Farantan sola ɗin nan layi huɗu ne, Baba. Kowane layi da wayarsa, duk sai sun shigo akwatin nan, kowacce ta bi ta kan fis ɗinta, sannan su haɗu su fita a waya ɗaya zuwa injin ban ruwa. Na sa mita a kansu daga waje. Uku lafiya lau suke. Ta layi na uku ce kaɗai take rawa, ta hau ta sauka. Ina jin sukurun da ke riƙe da ita ne ya saki. Rana ta buɗa ƙarfe, sanyin asuba ya tsuke shi, a hankali sai ɗauri ya kwance. Ita kuwa wuta in ta tarar da giɓi, tsallakawa take yi. Tsallen nan shi ne ƙarar, shi ne kuma zafin."

Gwadabe ya dubi bakin tiyon da ke zuba ruwa a babbar hanyar da ke raba wa gonaki ruwa. Ruwan na zuwa, sai dai ya sirance. Daga nan har bakin shingen ƙaya shinkafa ce kore shar, ta gidaje takwas, ta yi ciki, wata ma ta fara fid da kai. Ambaliyar damina ta shanye gero da shinkafar garin gaba ɗaya, rumbuna suka shiga rani wayam. Wannan ta rani ita ce tuwon gidajen nan takwas har wata kaka.

"Ruwa dai na zuwa ko?"

"Yana zuwa, Baba, amma..."

"To. Sai an yi girbi."

A nan Bakari ya ɓullo da fartanya a kafaɗa, wando a naɗe har gwiwa. Abokin Gwadabe ne tun suna samari, gonarsa na jikin tasa, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba su tsokani juna ba.

"Kai Bafillace, yau ma ɗan mutane ka tsare a rana? Ba shi makullin mana. Ko ƙwaryar nono ka ɓoye a ciki kada mu sha?"

"Wuce ka kama aikinka, Babarbare. Fuska kamar an yi huɗa an manta ba a shuka ba."

"Ruwan nan fa ya ragu. Jiya kafin ya cika mini fangali uku sai da na yi gyangyaɗi biyu."

"Dama gyangyaɗin ka zo yi, noman fakewa ce."

Musaddiƙ bai ɗago ba sai da dariyar manya ta lafa, Bakari ya yi gaba. Sannan ya ce, da muryar da sai an saurara za a ji, "In ba za a buɗe ba, Baba, to a riƙa kashe injin da tsakar rana, daga sha ɗaya har bayan azahar. In inji bai ja ba, wajen ba zai ɗau zafi ba. In ba haka ba wataƙila, Allah ya kiyaye, wani abu ya iya kamawa. In kuma ya kama, kada a zuba ruwa, yashi za a zuba, a rufe farantan. Wutar sola ba ta da makashi muddin rana na kan faranti."

"Na ji. Ka gaida mutanen gidan."

Musaddiƙ ya mayar da mitarsa cikin jaka, ya tura babur ɗinsa sai da ya fita daga idon surukinsa, sannan ya hau ya kama hanyar Haɗeja.

* * *

Ba taurin kai kawai ya hana Gwadabe ba da makullin ba. Akwai abin da ke cikin akwatin wanda shi kaɗai ya sani.

Shekara biyu ke nan da wata ƙungiya ta ba gidajen nan farantai ashirin da huɗu da injin da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse. Musaddiƙ, da yake sana'arsa ke nan a Haɗeja, shi ya kafa su da hannunsa. Da aka zo zaɓen wanda zai riƙe makulli, ba a yi gardama ba. Shekara arba'in mutanen garin na barin ajiya a hannun Gwadabe, ba a taɓa cewa ko tiya ɗaya ta yi ƙafa ba.

To, a shekarar farko ɓarayi suka shiga sau biyu. Suka yanke wayoyi, suka fasa akwatin suka zare abin da suka ga dama. Bayan na biyun, ana fitowa daga masallaci, wani ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ɓarawon nan dai ya san hanya da kyau." Ba a ambaci suna ba. Amma maganar ta zauna wa Gwadabe a ƙirji kamar ƙayar kifi, ya yi kwanaki ko tuwo ba ya wuce masa.

Mutum ne mai salla a kan lokaci, ya kuma san sarai abin da liman ke faɗa a kan masu zuwa wajen 'yan tsibbu. Da saninsa ya ja ɗan akuya ranar kasuwar Guri ya kai wa wani Yunusa, mai zaure a bayan 'yan kifi. Yunusa ya ba shi laya, ɗinkakkiya da jar fata, girman ƙwan zabuwa, tana ƙamshin wani mai. Ya gindaya masa sharaɗi uku: a sa ta a cikin zuciyar abin, a rufe kada iska ta shiga sai an yi girbi, kada kuma kunne na biyu ya ji. Gwadabe ya tambayi kansa ina ne zuciyar sola, ya ga ba inda ya fi wajen da wayoyi duka ke haɗuwa. Ranar da aka fara dashe ya ɗaure layar da zare a jikin jerin fis, ya sa sabon kwaɗo.

Tun daga ranar ba a sake sata ba. A makon da ya sa layar ne kuma Musaddiƙ ya zura wayoyin cikin bututu ya bi da siminti, a watan nan ne aka kama wasu samari biyu da ƙullin jan ƙarfe a wajen Kirikasamma. Duk Gwadabe ya ji. Amma zuciyarsa layar ta ba wa lada.

Shi kuwa Musaddiƙ, da ya isa gida ran nan, ya zauna ya gaya wa matarsa Bashira magana ba ƙumbiya-ƙumbiya: akwatin nan in ba a buɗe ba zai kama da wuta, kuma ba nisa, cikin makon nan. Bashira 'yar fari ce. Ubanta bai taɓa kiran sunanta ba, ita ma ba ta taɓa zama ta yi doguwar magana da shi ba. Sai ta kira uwarta a waya ta ce a lallaɓa Baba, wai akwatin na da haɗari. Uwar, Ummussalma, ta san mijinta ba a tarar sa da magana da yunwa. Ta bari sai washegari da la'asar, ya ci ya sha ya wanke hannu, sannan ta zauna daga bakin tabarma tana tsince wake.

"Malam, wai yaron nan ya ce, in an samu hali, da an ɗan duba akwatin nan."

"Ya faɗa mini."

"Ita ma yarinyar hankalinta bai kwanta ba."

"Su biyun ne suka haife ni, ko ni na haifi ɗaya?"

Ummussalma ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Garin da ya rage a tukunya dai ba zai kai mu sati uku ba. Idona a kan shinkafar nan yake, shi ya sa na yi magana."

Gwadabe ya jingina da bango. Kashe injin da tsakar rana ma ya juya shi a ransa ya ga ba hanya. Lokacin ne ruwa ya fi ƙarfi, lokacin ne Bakari da wasu gida biyu ke karɓar ruwa. In ya kashe za a tambayi dalili. In ya ce akwai matsala za a ce a buɗe. In aka buɗe za a ga abin da Malam Gwadabe, mai sahun gaba, ya rataya a ciki.

* * *

Duk da haka ƙarar ba ta bar shi ya huta ba. Ko yana alwala sai ya ji kamar tana cikin butar. Ranar Laraba da hantsi ya hau kekensa ya tafi Guri.

Ya tarar da Yunusa a zaure yana cin gyaɗa, wayarsa na caji a jikin wani ɗan ƙaramin faranti da ya jingine a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa Gwadabe ya rage murya.

"Abin nan da na ajiye. Akwatin ya fara kuka, kuma yana zafi. Mai gyara ya ce sai an buɗe."

"Kuka kamar yaya?"

"Kamar na zuma."

Yunusa ya yi murmushi ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. "Alhamdu lillahi. Ai aikin ne ya kama. Masu tsaron ne ka ji, suna zagaye. Da ba ka ji komai ba, da sai in ce maka wani ya karya."

"Ya ce sukuru ne ya saki."

"Shi sukuru ya sani, ni kuma abin da na sani daban. Tun da ka sa, an taɓa maka ko tsinke?"

"A'a."

"To. Kwana nawa ya rage a yi yanka?"

"Kamar ashirin da biyar."

"Ka yi haƙurin wata uku, ashirin da biyar ce za ta gagare ka? Ka buɗe yau, gobe ka wayi gari ba waya ba faranti, kada ka zo mini nan. Kuma ka san bakin mutanen garinku."

Wannan ta ƙarshen ita ta kama shi. Ya fito yana tura keke, yana ji a can ƙasan ransa cewa mutumin nan bai taɓa ganin cikin akwatin sola ba, bai san fis ba balle sukuru. Ya san da haka. Amma ya auna kunyar da yake gani ƙiri-ƙiri da wutar da bai gani ba, ya zaɓi ya jira. A hanya har ya tsaya a gindin wata tsamiya ya ciro waya zai kira Musaddiƙ. Ya daɗe yana kallon sunan, sannan ya mayar da ita aljihu.

* * *

Ranar Alhamis rana ta fito da wani irin zafi, ko ganye ba ya motsi. Gwadabe na zaune a rumfar zana da ke gefen farantan, Bakari na can cikin fangalinsa yana juya ruwa. Wajen sha biyu da rabi wari ya fara zuwa, irin na takalmin roba da ya faɗa murhu. Tiyon ya yi tari sau biyu, ya tofar da ruwa, ya yi shiru.

"Bafillace," Bakari ya ɗaga murya daga nesa, "ka taka tiyon ne, ko saniyarka ta shanye?"

Gwadabe bai ji shi ba. Idonsa na kan akwatin. Baƙin hayaƙi na fita ta ƙananan ramukan ƙasa inda wayoyi ke shiga, ƙarar zuman nan ta koma irin ta mai walda. Ta tsagar murfin yana hango wani haske shuɗi yana walƙawa.

Ya tashi da gudun da ya manta yana da shi, ya fizgo igiyar daga wuyansa. Yanzu kam so yake ya buɗe, ko duk garin na tsaye. Ya damƙi kwaɗon da hannun hagu, fatar tafinsa ta yi ƙauri, ya saki. Makullin ya faɗi cikin yashi. Ya durƙusa yana lalube, narkakkiyar roba na ɗiga kusa da kansa.

Bakari ya iso da bokiti cike da ruwa, ya ɗaga zai watsa. Gwadabe ya bangaje shi, ruwan ya zube a ƙasa.

"Kada ka zuba. Kashe ka za ta yi. Yashi aka ce."

Suka yi ta ɗiban yashi da hannu suna watsawa. Yashin ya bugi murfin ya zube ƙasa. Akwatin a kulle yake, wutar kuwa a ciki take.

"Farantan," Gwadabe ya ce yana haki. "A rufe farantan."

Mutanen da ke gonakin kusa sun riga sun taho. Aka yaye zanar rumfa, aka kwaso buhuna, wanda ba shi da komai ya tuɓe riga ya shimfiɗa. Faranti ashirin da huɗu ba abin da za a rufe da rigunan mutum bakwai ba ne. Kafin a gama, wutar ta bi babbar waya ta shiga na'urar da ke tuƙa injin, wadda ke maƙale a jikin ginshiƙi ɗaya da akwatin. Ta yi wata ƙara guda ɗaya, ita ma ta fara hayaƙi.

Da abin ya lafa, sai ga dattawa tsaye tsirara daga cibiya zuwa sama, kowa na kallon ƙasa. Ba abin da ake ji sai ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa. A cikin fangalin Bakari ruwan da ya shiga rabi ya tsaya, ƙasa na shanye shi a hankali.

* * *

Musaddiƙ ya iso bayan la'asar. Ya bi layukan farantan ɗaya bayan ɗaya ya cire haɗinsu, ya gwada da mita ya tabbatar ba sauran wuta, sannan ya sa zarto ya yanke kwaɗon. Mutane suka matso.

Ciki ya zama gawayi. Jerin fis ɗin ya narke ya dunƙule, wayar layi na uku ta cinye har ta rabu biyu. A kusurwa akwai gidan zanzaro da ya gasu ya yi ja, da ƙwarangwal ɗin tsaka. Gwadabe na tsaye a gefe, hannunsa naɗe da tsumma, idonsa na kan abu ɗaya: wani dunƙulen baƙar fata da ya faɗo ƙasan akwatin, gefensa ɗaya bai ƙone ba, har ɗinkin ana gani.

Ya ga lokacin da idon Musaddiƙ ya sauka a kai. Ya ga hannunsa ya shiga kamar mai share toka, ya fito a dunƙule, ya wuce aljihu.

"Me ya jawo?" wani ya tambaya.

"Sukuru ne ya saki," in ji Musaddiƙ.

"Kuma ba a iya gane irin wannan tun da wuri?"

Musaddiƙ ya ci gaba da share tokar. "Ana iyawa. Ni ne ban tsaya a kai yadda ya kamata ba."

Aka yi 'yan gunaguni. Wani daga baya ya ce dama aikin yaran yanzu sai a hankali, a kafa maka abu a tafi. Gwadabe ya buɗe baki. Sai ya rufe, ya bar laifin a kan mijin 'yarsa.

Kafin ya koma Haɗeja, Musaddiƙ ya biya ta gidan surukinsa ya yi sallama a zaure. Ya tsuguna daga bakin ƙofa, ya ajiye wani abu ƙunshe a takarda a gefen tabarma, bai ce komai a kai ba. Ya yi bayanin gyara: akwati zai haɗa sabo cikin kwana biyu, amma na'urar injin babu irinta a Haɗeja, sai an aika Kano, in babu a can sai an jira.

"Kwana nawa?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Goma, ko fiye."

Su biyun sun san abin da kwana goma ba ruwa ke yi wa shinkafa mai ciki a wannan rana. Gwadabe ya daɗe yana kallon ƙunshin.

"Ran nan, da na ba ka makullin, me za ka yi?"

"In kashe inji, in cire haɗin layukan, in ɗaure sukurun. Juyi ɗaya da rabi. In bi sauran in taɓa su. In kakkaɓe gidan zanzaro, in toshe ramin da tsaka ke shiga." Ya nuna ƙunshin. "Wannan kuma in matsar da ita gefe, nesa da fis. Fata ce busasshiya mai mai, ita ta fara kamawa. Ba sai an fitar da ita ba ma, Baba. Kuma ba wanda zai ji a bakina."

"Me ya hana ka ce mini wuta za ta tashi?"

"Na faɗa, Baba."

Gwadabe ya tuna. Ya faɗa, a tsugune, ido a ƙasa, da "wataƙila" a gaba da "Allah ya kiyaye" a tsakiya. Da wani bare ne mai gyaran, da ya tsaya a kan ƙafarsa ya daka masa tsawa, ko ya tara masu gonakin ya gaya musu. Wannan kuwa tarbiyya ta hana shi. Shi kansa Gwadabe abin da ya sa ya ba shi 'yarsa ke nan, don bai taɓa haɗa ido da shi ba.

"Tashi ka tafi, kada magariba ta same ka a hanya."

* * *

An yi abin da za a iya. Aka aro injin fetur daga wani gari, ya yi ta kuka yini guda bai jawo ko kofi ba, ruwan rijiyar ya yi masa nisa. Reshen kogin da ke kusa ciyawar kacalla ta toshe shi tun bara, abin da ya rage taɓo ne. Mata da maza suka yi ta jido da jarka daga wani tafki mai nisa, a zuba a fangali, ƙasa ta shanye kafin a juya baya. Ummussalma ta yi kwana huɗu tana jido, ran na biyar ta kasa tashi. Ba ta ce wa mijinta komai ba, ko da ido. Da ta yi magana da ya fi masa sauƙi.

Ran na shida ƙasa ta fara tsagewa. Ran na tara ganye ya naɗe. Kan da ya fito ya fito fari fat, a tsaye ƙiƙam, don ba nauyin da zai sunkuyar da shi. In ka murza a tafin hannu ka hura, ba abin da ke saura.

Na'urar ta iso ran na goma sha uku. Musaddiƙ ya kafa ta tare da sabon akwati, ya nuna wa mutum uku yadda za su riƙa taɓa murfi da bayan hannu, su saurara, su shinshina, su kira shi duk wata ya zo ya bi sukurori. Aka yanka makulli uku. Da aka miƙo wa Gwadabe ɗaya, ya ce hannunsa bai warke ba, a ba wani.

Washegari da hantsi ya tarar da Bakari zaune a kan kunyar fangali, yana kallon gonarsa. Ya zauna kusa da shi. Gwadabe ne ya fara magana.

"Bakari, yaron nan ba shi da laifi. Sau biyu yana roƙo na. Laya na sa a ciki, aka ce kada in buɗe."

Bakari bai juyo ba. Ya tsinko kan shinkafa ɗaya yana jujjuya shi.

"Na zata. Ni ma akwai tawa, tana binne a gindin rijiyar. Ina jin ba gidan da bai ajiye tasa a wani lungu ba." Ya yar da kan. "Amma tawa ba ta da kwaɗo, Malam Gwadabe."

Tun suna samari bai taɓa kiran sa da sunansa haka ba. Ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya ce zai je ya ga ko ana neman masu jidon bulo a Haɗeja. Ya tafi bai waiwayo ba.

Can wajen shinge wani makiyayi na tsaye ya jingina da sandarsa, garkensa a baya, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙari. Kwana biyu ke nan yana zagaye wajen, kunya ta hana shi tambaya. Masu gonakin sun riga sun ce duk wanda ya ga dama ya buɗe masa, amma ba wanda ya iya.

Gwadabe ya taka har bakin shingen. Ya kama reshen ƙaya da hannunsa mai lafiya, ya ja gefe, ya sake jan wani, har hanya ta samu. Makiyayin ya fara godiya, Gwadabe ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi.

Shanun suka shiga a hankali, suka bazu cikin fangaloli, suna fizgar farin kan shinkafa, yana ƙara a bakinsu kamar busasshiyar ciyawa. Can sama injin na aiki lafiya lau, tiyon na aman ruwa cike da bakinsa. Wata farar saniya ta bar cin, ta taka zuwa babbar hanya, ta sa baki tana sha. Gwadabe na tsaye riƙe da reshen ƙayar, bai ajiye ba, har ta ƙarshensu ta wuce.